Zauren Tambaya: Albashina bai kai ya kawo ba, ta ina zan fara ginin gida a ƙauye?

Jama'a assalamu alaikum. Satin nan saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan gida ne, kuma abin da ya ja hankalina ba 'yan Malali ko Barnawa na cikin birnin Kaduna ba ne suke rubutowa, mutanenmu ne na ƙauye masu ɗan albashi, malaman firamare, ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, masu aikin gona a biya su. Na ɗauki biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani fitowar.

TAMBAYA: Slm Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Soba, shekarata 40, shekara 14 kenan ina aiki, abin da ke shigo min a wata bai wuce dubu 75 ba. Ina haya ɗaki biyu ni da iyali mu takwas, wlh in damina ta yi nisa har kwano muke tarawa a tsakar ɗaki. Ina ganin ana cire min wani kuɗi wai NHF tun da daɗewa, bansan ina yake zuwa ba. Babanmu yana da fili babba a bayan gari yace in je in gina. Shin zan iya samun bashin gini da wannan kuɗin da ake cirewa? Dan Allah a taimaka da bayani.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri kan karantar da yaranmu da kuke yi. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta kuɗi da ta fili, kuma ta filin ta fi bani tsoro, amma bari mu fara da kuɗin.

NHF ɗin nan asusun gidaje ne na ƙasa, dokarsa tun 1992 take, kuma bankin lamunin gidaje na tarayya wato FMBN shi ke riƙe da shi. Kashi 2.5 cikin 100 na albashi ake cirewa duk wata. Kuɗinka ne fa, ba haraji ba ne, in har baka ci bashinsu ba to ranar da ka cika shekara 60 ko ka yi 35 kana aiki za ka cike fom a maido maka da abinka. Mutane da yawa sun yi ritaya sun tafi gida basu taɓa sanin suna da wannan haƙƙin ba, wasu har sun rasu magada basu nema ba, abin yana ci min rai wallahi. To abu na farko, ka samu rana guda ka shigo Kaduna ofishinsu da takardar albashinka, ka nemi lambarka ta NHF, a buga maka lissafin abin da ya shiga da sunanka. Kar ka ce ai ana cirewa shikenan, cirewa daban turawa daban, sai ka gani da idonka. In akwai watannin da babu, ka koma ta ƙungiyarku ta malamai a bi sawu tun yanzu, kar ka bari sai kana dogara sanda.

Bashin kuma eh akwai shi, wanda ya yi wata 6 yana zubi ya cancanci nema, ruwansa kashi 6 cikin 100 a shekara, ana iya biya har shekara 30. A ƙasar nan babu kuɗin gini mai sauƙin wannan. Amma zo mu yi lissafi da albashinka don kar in sa maka rai a banza. Ƙa'ida ita ce abin da za a dinga cira kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, kaga kai dubu 25 kenan. Shekara 20 suka rage maka kafin 60. A kan kashi 6, duk miliyan ɗaya in za a biya ta cikin shekara 20 tana cin dubu 7 da ɗari ɗaya da 'yan kai a wata. Dubu 25 ɗinka kenan za ta ɗauki wajen miliyan 3 da rabi, iyakarta kenan, ko da kuwa ka ji ana cewa suna bada miliyan goma sha kaza. Yanzu kwatanta da bankin kasuwa, tunda babban banki ya kai nasa ruwan kashi 27.5 a ƙarshen 2024 su kuma a lokacin suke bada bashi a wajen kashi 30, wannan dubu 25 ɗin gaba ɗayanta ruwan miliyan ɗaya ce kacal a wata, uwar kuɗin ko gezau. Shi yasa nake roƙon duk ma'aikacin da ke karanta wannan shafin, dan girman Allah kar ka ci bashin albashi na banki ko na manhajojin wayan nan ka zuba a gini. Gini baya haihuwa, ba kamar taki ko awaki ba ne, ɗaki ne za ka kwana a ciki, in ka ɗora masa ruwa mai gudu to abincin yara za ka dinga cirewa kana biya.

Matsalar ita ce shi babban bashin ba a ba ka kai tsaye, sai ta hannun bankunan lamunin gida, su kuma jingina suke so, wato fili mai C of O, takardar mallakar fili ta gwamnati, da zanen gini da hukuma ta sa wa hannu, da ƙiyasin mai kimanta kadara. Filin Baba na bayan gari kuma nasan babu ko ɗaya, shaidarsa dai kowa a garin ya san gonar wane ce. Ko da ka yi takardar ma, banki yana duba cewa in abu ya ɓaci wa zai saya gida a ƙauyen da mota ke shiga sau biyu a sati, sai ka ga ana ta ja maka rai. Gaskiyar da ba a faɗa kenan, an ɗinka tsarin ne da awon mutumin birni, amma ana cire kuɗin har daga aljihun na ƙauye. Ni a ganina wannan rashin adalci ne, kuma ya kamata shugabannin ƙwadago na jiha su riƙa ɗaga shi a duk zaman da za a yi, ba maganar ƙarin albashi kaɗai ba.

Amma akwai wata ƙofar da ta fi dacewa da irinku, bashin gyaran gida na FMBN ɗin dai. A shekarun baya har miliyan 1 suke bayarwa, ruwa kashi 6, a biya cikin shekara 5, kuma ta wurin aiki ake bi, a haɗa sunaye rukuni-rukuni a dinga cira daga albashi. Miliyan ɗaya a shekara 5 tana kamawa dubu 19 da ɗari uku a wata, kaga tana cikin ƙarfinka. Ba za ta gina maka gida ba, amma in ka riga ka tada bango da kanka za ta yi maka rufi da ƙofofi da daɓe, su ne kuma ke kayar da mutane dama. Ka tambayi sakataren ƙungiyarku yaushe ake haɗa rukuni na gaba.

Yanzu fili. Malam kar ka sa bulo ko ɗaya a wurin nan sai an rubuta. Baba yana raye, Allah ya ƙara masa lafiya, to yanzu ne lokacin. In kyauta ya ba ka, a auna wurin, a kafa alama a kusurwa huɗu, a rubuta cewa ya ba ka kyauta kuma ka karɓa, shi ya sa hannu, 'yan uwanka maza da mata su sani su sa hannu, mai unguwa da dagaci da liman su shaida. Zai yi maka nauyi ka faɗa masa, na sani, za ka ji kamar kana kiran mutuwa ko kana zargin 'yan uwa, amma ka daure. Ina da kawu, Allah ya jiƙansa, shekara tara yana tara bulo yana gini a filin gidansu da baki kawai aka ce masa gina, ranar da aka zo rabon gado aka lissafa wurin cikin dukiyar mamaci, ɗakunan suka faɗa rabon wani, zumuncin gidan har yau bai koma daidai ba. Ba mugunta ce ta kowa ba, rashin rubutu ne. Bayan wannan takardar sai ka fara bin ta hukuma a hankali. Dokar filaye ta 1978 ta ce filin da ba na birni ba ƙaramar hukuma ke bada shaidar mallakarsa ta gargajiya, a Kaduna kuma tun zamanin El-Rufa'i harkar takardun fili ta koma hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha. Ka je da kanka ka tambayi abin da ake biya, ka biya ta banki ka riƙe rasit, kar ka ba wani ɗan tsakiya a bakin get.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Saminaka. Na sayi rabin fuloti da kuɗin adashe shekara uku da suka wuce, har yau ko fandisho ban yi ba, duk sanda na kwashi adashe sai in tarar siminti ya tashi. Maigidana kuma yace shi bai yarda in ci bashi mai ruwa ba ko kashi ɗaya ne. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, macen da ta sayi fili da adashe ba ƙaramar mace ba ce. Maganar maigida kuma ki riƙe ta, kar gida ya jawo rigima a cikin gida, kuma hanya bata ƙare ba don an bar ruwa.

Akwai bankunan da basa harka da ruwa, Jaiz ya fara aiki a 2012 kuma Kaduna na cikin garuruwa ukun da ya fara buɗe reshe, daga baya TAJ da Lotus suka zo. Abin da ya fi shafarki a wajensu shi ne murabaha, su sayi kayan ginin da kuɗinsu, kwano ne ko siminti ko katako, su sayar miki da riba sananniya da aka yanke tun ranar farko, ki dinga biya wata-wata, kuɗin baya ƙaruwa a hanya. Akwai kuma ijara, su mallaki gidan kina biyan haya har ya zama naki, amma wannan ya fi tafiya da gidan birni mai takarda. Sai dai ki sani rashin ruwa ba shi ne araha ba, ribar da suke ɗorawa tana iya yin nauyi, don haka kafin ki sa hannu ki ce a rubuta miki jimillar abin da za ki biya daga farko har ƙarshe, ki kai gida ku duba ke da shi, in da shakka a kai wa malamin da kuka yarda da shi.

Amma ni abin da zan fi ba ki shawara, gyara adashen za ku yi. Kin faɗi ciwon da bakinki, kina tara Naira siminti yana gudu. Ki tuna bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yadda komai ya tashi, buhun simintin da ake saya dubu biyar da wani abu, farkon 2024 ya haura dubu 10. Wadda ta kwashi adashe a farkon zagaye ta sayi buhu ashirin, ta ƙarshe da kuɗi iri ɗaya ko sha biyu bata samu ba, kinga an cuci ta ƙarshe ba tare da kowa ya yi niyya ba. To ku maida zubin ya zama na kaya. Ku goma ko sha biyu masu niyyar gini, ku ce zubin kowa a wata kuɗin buhu biyu ne ko kuɗin fallen kwano kaza a farashin ranar, a haɗa a saya a sari wuri ɗaya a kai wa mai kwasa. Ta haka kowa abu ɗaya zai samu ko farashi ya hau ko ya sauka. Abu ɗaya dai, siminti baya ajiyuwa, in ya sha sanyin damina wata biyu uku sai ya daskare ya zama dutse, don haka ranar da aka kawo a kira mai buga bulo, ko kuma ki karɓi naki a kwano da rodi, su suna jira. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ki ƙirga a gabanki.

In abin ya zauna kuna iya yi masa rajista ya zama ƙungiyar gama kai, mutum 10 sun isa a doka. Amfanin rajistar shi ne ku buɗe akawun da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku, kuɗi ya daina kwana a ɗakin uwar adashe, kuma hukuma ko banki sun fi sauraron ƙungiya mai littafi a kan mutum ɗaya, shi kansa FMBN yana da tsarin bashin gini na ƙungiyoyin gama kai. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, ai a kan gini aka yi maganar tun asali.

Sannan takardar filin nan, sunan wa ke jiki? In da kuɗinki kika saya to sunanki ya kamata ya fito, ba na maigida ba ba na yayanki ba. Ba rashin yarda ba ne, addini ma ya ba mace dukiyarta. Kuma ki je ki zagaye shi ko da bulo layi biyu ne ko ki shuka wani abu a ciki, fili shekara uku ba kowa a kai yana kiran masu sayarwa sau biyu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni lebura ne a wata gonar kaji a hanyar Kachia, dubu 45 ake bani a hannu, ba takarda ba banki. Da damina ina ɗan noma masara a gonar aro. Ina kwana a ɗakin da mai gona ya bamu mu huɗu, matata da yara biyu suna can gidan surukai abin kunya. Irinmu ma muna da rabo a maganar gidan nan kuwa ko sai masu aikin gwamnati?

AMSA: Ɗan'uwa kana da rabo, kuma saƙonka shi ya fi tsaya min a rai duk cikinsu. Ba abin kunya ba ne, mutumin da ke tashi da asuba yana kwasar kashin kaji don ya ciyar da iyali ba shi da abin jin kunya.

Bari in faɗa maka yadda abin yake ba rufa-rufa. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a watan Yulin 2024, Gwamna Uba Sani ya ce na Kaduna dubu 72, amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu basu kai 25 ba, ta cire masu aikin lokaci-lokaci irin na gona. Wato mutanen da suka fi kowa buƙata su aka bari a waje. Haka ma bashin gida, duk wanda zai ba ka zai ce ina shaidar abin da kake samu. Don haka ko ba don bashi ba, ka buɗe akawun, ka roƙi mai gona ya dinga tura maka ta ciki maimakon hannu, in ya ƙi kai ka dinga kai wa mai POS yana saka maka ranar da aka biya ku. Bayan shekara kana da tarihin da za ka nuna. Masu zaman kansu ma suna iya shiga NHF da kansu, tun gyaran dokar da aka yi a 2023 ma'aikacin da ba na gwamnati ba ganin dama ne ba dole ba. Amma ni bazan ce ka kai kuɗinka can yanzu ba, dubu 45 bata da rarar da za a kai ajiyar shekaru, gara ta tafi inda za ka ga ɗaki.

Ɗakin kuma na ƙasa nake nufi, kar ka ji wani iri. Mun bari an sa mana a kai cewa ginin ƙasa na matsiyata ne, sai mutum ya shekara goma yana jiran kuɗin bulo alhali jar ƙasa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Ka tuna da tsohon masallacin Juma'a na ƙofar fada a Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen 1830 da wani abu, da ƙasa da azara, bakan gizon da ya ɗaura a ciki masana gini daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallo. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi a watan Maris, ya fi ɗumi da hunturu, duk wanda ya kwana a ciki ya sani. Ɗaki ɗaya ƙafa 12 da 12 yana cin bulon siminti wajen 400, kai kuwa in ka samu makwabta uku huɗu kuka yi gayya da rani, tubalin ɗaki biyu kwana nawa ne, abin da za ka kashe ruwa ne da abinci da ladan magini.

Abin da ke kada ginin ƙasa ruwa ne, na ƙasa da na sama, to nan za ka kashe ɗan kuɗinka. Fandisho ka yi shi da dutse ko bulon siminti layi uku ya ɗago sama da inda ruwa ke kwanciya, a shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin a fara ɗora tubali don kar danshi ya hau bango. Rufi kuma a bar bakin kwano ya fito sosai, kamar ƙafa biyu, yadda ruwan Agusta mai zuwa da iska ba zai dinga dukan bango ba. Katako a shafe shi da baƙin mai saboda gara, in ka samu azarar giginya ma ta fi, gara bata cinta. Ka kula da magudana ta bayan ɗaki, yawancin gidajen da ke faɗuwa da damina ba daga sama abin ke farawa ba, gindin bango ne ke jiƙa. Akwai kuma injin matse bulon ƙasa da ake ɗan zuba siminti kaɗan a ciki, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ta daɗe tana yaɗa shi, in akwai mai shi kusa da ku ka je ka ga aikinsa, bulon yana fitowa santal kamar jan bulo.

Tsarin da zan ba ka shi ne na mataki uku. Kakar bana in ka sayar da masara kar kuɗin ya kwana, ka nemi ɗan fili ko kwata ne a cikin gari kusa da mutane, ba can bayan gari ba, yanayin tsaron da muke ciki ya koya mana wannan, mutanen Birnin Gwari da Giwa da Kajuru da yawa sun bar gidajen da suka gina da gumi. A rubuta takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu. Kaka ta biyu kwano da katako da ƙofa. Rani na biye a buga tubali a tada ɗaki ɗaya da banɗaki da ɗan zagaye ko na zana ne, ka ɗauko iyalinka. Ɗaki na biyu zai zo kuna ciki. Kuma ka gwada yi wa mai gonar magana cikin ladabi, wasu suna yarda su saya wa ma'aikaci bandir biyu na kwano a dinga cire dubu biyar biyar, shi ma ribarsa ce, lebura mai iyali kusa baya gudu. In ya yarda a rubuta nawa ne kuma wata nawa, kar ya zama igiyar da za a ɗaure ka da ita.

TAMBAYA: Malam an turo mana a WhatsApp wai gwamnati za ta raba gidaje kyauta ga ma'aikatan karkara, a tura dubu 15 kuɗin fom zuwa wani akawun kafin Juma'a. Mu tura? Daga wani mai gadin makaranta, Ikara.

AMSA: Baba kar ku tura ko sisi. Hukuma bata karɓar kuɗin fom a akawun mai sunan mutum, kuma duk inda aka ce yi sauri kafin Juma'a to so ake kar ka samu lokacin tambaya. Ku faɗa wa sauran 'yan gurup ɗin yau ɗin nan.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Giwa, saura min shekara 8 ritaya. Naji ance yanzu ana iya taɓa kuɗin fansho a yi gida, gaskiya ne? In haka ne inaso in cire in ƙarasa ginin da na fara, ya kai linta shekara huɗu kenan yana shan ruwa.

AMSA: Yallaɓai gaskiya ne amma ba yadda aka ba ka labari ba. A watan Satumban 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idar cewa mai asusun fansho na zubi zai iya amfani da har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki, in ya yi aƙalla wata 60 ana zuba masa kuma saura masa shekara 3 ko fiye kafin ritaya. Kaduna ta shiga tsarin zubin nan tun 2017, to ta wannan ɓangaren ka cika. Sai dai ba a hannu ake ba ka ba, kafin alƙalami ne na sayen gida ta bankin lamuni, kuɗin daga kamfanin fanshonka zai wuce kai tsaye zuwa bankin, sai kana da takardar tayin gidan da za ka saya. Ginin da ka fara da kanka a gari bai shiga wannan layin ba. Kuma ka yi hattara da masu cewa kawo mu haɗa maka takardu mu fito maka da shi a ba mu kaso, abin da za ka ci da tsufa ne suke yanka, sau ɗaya kuma ake yi a rayuwa.

Ginin da ya kai linta kuwa ya kusa, abin da yake nema rufi ne kafin wata daminar. Ɗakuna nawa ne? In huɗu ne kar ka jira kuɗin rufe huɗun, kira kafinta ya auna maka biyu na gefe ɗaya ya faɗa maka bandir nawa da katako nawa, sauran bangon a bi kansa da siminti a rufe ramukan bulo don ruwa ya daina shiga ciki. In ana cire maka NHF to bashin gyaran gidan da na yi wa Malam na Soba bayani a sama kai ma naka ne, shekara 5 ɗin biya tana cikin 8 ɗin da suka rage maka. Ka sake rubuto min da yawan ɗakunan da abin da kafintan ya ce, sai mu yi lissafin tare a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.